Shekara biyu ina karɓar irin gado ta wasiƙa, ga abin da na gani a lambuna

Tun bara 'yan uwa masu lambu ke tambayata wai ya na ga ƙungiyar musayar irin nan da na shiga, ni kuma na ce a bari in ƙara shekara ɗaya kafin in buɗe baki, don iri ba waya ba ce da za ka kunna yau gobe ka ce tana da kyau, sai ka shuka, ka girbe, ka adana, ka sake shuka abin da ka adana ɗin sannan za ka san gaskiyarsa. To yanzu na zagayo sau biyu.

Tsarin nasu ba wuya. Kana yin rajista sai a turo maka jerin irin da membobi suka bayar, ka zaɓi guda shida, a aiko maka cikin 'yan ƙananan ambulan, ƙwaya kaɗan kaɗan, wani ma bai kai ashirin ba. Sharaɗin kawai shi ne bayan girbi ka mayar da irin aƙalla biyu daga ciki don wani ya samu. Ni na ɗauki tumatir kala biyu, Cherokee Purple da Brandywine, da jar kuɓewa, da wake mai hawa sanda, da kabewa, da albasa.

Ga wanda bai san bambancin ba, yawancin irin da ake sayarwa a fakiti mai hoto za ka ga an rubuta F1 a jiki, wato an haɗa iyaye biyu daban aka samu 'ya'yan farko. Wlh suna da ƙarfi, suna ba da yabanya, ba na kushe su. Matsalar ita ce in ka ɗebi iri daga cikinsu ka shuka baɗi, jikokin sai su watse, wannan ya ɗauko uwa wancan ya ɗauko uba, wani dogo wani gajere. Abin da Mendel ya nuna ke nan da wakensa na Turawa tun 1866, a zuriya ta biyu halin da ya ɓuya yana dawowa, kusan ɗaya cikin huɗu. Shi kuwa irin gado ya riga ya zauna, abin da ka shuka shi za ka samu in dai ba a bari ya gauraya da wani ba. Wannan "in dai" ɗin fa shi ne duk labarin, zan dawo kansa.

Bari in fara da tumatir don shi ya sa ban fita daga ƙungiyar ba. Cherokee Purple ɗin nan ranar da na yanka na farko sai da na tsaya ina kallonsa, cikinsa ja ne mai duhu kamar hanta, kafaɗarsa kore kore ko da ya nuna, ga nauyi a hannu, ga zaƙi da ɗan tsami a tare wanda na daɗe ban ji a tumatir ba. Shi kansa ta wasiƙa ya yaɗu, a 1990 wani mutum daga jihar Tennessee a Amurka ya aika wa wani mai tara irin tumatir, Craig LeHoullier, 'yan ƙwayoyi ya ce an daɗe ana riƙe da irin kuma asalinsa daga ƙabilar Cherokee ne, shi kuma ya shuka ya raɗa masa suna ya raba wa mutane. Da na tuna haka ina riƙe da nawa ambulan ɗin sai na ji wani iri a raina gaskiya.

Amma kar in ɓoye muku, fatarsa siririya ce sosai, in ƙasa ta bushe sannan ka kwarara ruwa da yawa sai ya tsage ta wajen hanci, kuma ba ya jure ajiya, kwana kaɗan ya yi laushi. Brandywine kuwa ganyensa kamar na dankalin Turawa, yana da jinkiri, in zafi ya yi yawa furen zubewa yake yi, gindi guda bai ba ni abin da ya wuce 'yan ƙwaya ba. Wanda ke noma don ya loda a mota ya kai nesa, waɗannan biyun ba nasa ba ne, kar ya ɓata lokacinsa.

Kuɓewar ba ni da abin cewa sai alheri, ta tsiro kusan duka, ta yi kyau, shekara ta biyu ma jar ta fito ja.

Yanzu inda raina ya ɓaci. Albasa ko ɗaya ba ta fito ba, na yi ta ban ruwa sati uku ina leƙawa safe da yamma, shiru. Da na koma na duba ambulan ɗin sai na ga babu shekarar da aka girbe ta, suna kawai aka rubuta. Irin albasa ba ya daɗewa, shekara ɗaya zuwa biyu ƙarfinsa ya tafi, ba kamar tumatir ba da zai iya kai shekara huɗu ko fiye in an adana shi da kyau. Duk wanda ya taɓa riƙe iri ya san wannan, to don me za a karɓi ambulan babu kwanan wata a tura wa wani? Waken kuma da na buɗe sai na ga 'yan ramuka zagaye a jikin wasu ƙwayoyin da ɗan gari a ƙasan takardar, ƙwari sun riga ni. Na tsince masu lafiya na shuka sun yi, amma da na ajiye ambulan ɗin kusa da sauran wakena ai da sun gama da ni. Abin kuma maganinsa mai sauƙi ne, ka busar da waken sosai har in ka cije shi ya ƙi lotsawa, ka rufe a kwalba ka sa a firiza kamar sati ɗaya, ƙwarin da ƙwansu duk su mutu.

Kabewar ce ta fi ba ni tsoro. An rubuta min zagayayya ce mai ruwan ɗorawa a ciki, abin da ya fito kuwa kowane gindi da kamarsa, wata doguwa wata mai ƙuraje, ɗaya da na ɗan lasa ɗanyarta ɗaci kamar maɗaci, nan take na tofar na tuge gindin gaba ɗaya. Don Allah duk wanda ya ji kabewa ko kokwamba na ɗaci sosai kar ya ce zai dafa ya gani, wani sinadari ne cucurbitacin, dafuwa ba ta kashe shi, yana sa amai da gudawa mai tsanani. Abin da ya faru a bayyane yake, wanda ya bayar da irin ya shuka ta kusa da wata 'yar uwarta, ƙudan zuma suka yi ta kai garin fure daga nan zuwa can, kabewar da ya girba ta fito daidai a ido don gaurayen yana cikin ƙwayar ne, sai a shuka ta gaba yake bayyana. Wato a lambuna.

Na rubuta musu ƙorafi. Sun yi wajen wata guda kafin su amsa, wannan ma aibi ne, ko da yake na gane masu sa kai ne ba albashi ake ba su ba. Amma amsar da ta zo ta wanke min zuciya. Wani dattijo ne cikin masu tantance irin ya rubuto da hannunsa, bai kare kowa ba, ya amsa laifin, ya cire kabewar daga jerin, ya aiko min sabuwar albasa mai kwanan wata, sannan ya cika shafi guda yana koya min yadda ake yi wa kabewa barbara da hannu. Na mayar masa da amsa na ce Baba na gode, in Allah ya yarda zan gwada, kuma na gwada ɗin.

Ga yadda ake yi. Da yamma za ka zaga ka nemo furen da zai buɗe gobe, za ka gan shi ya kumbura bakinsa ya fara yin rawaya. Macen tana da 'yar gunda a ƙarƙashinta, namijin kuwa siririn kara ne kawai. Sai ka ɗaure bakin kowanne da ɗan zare ko salatif. Da sassafe kafin ƙudan zuma su fito ka tsinko namijin, ka fige ganyen furen ya rage tsinken tsakiya mai garin, ka kwance macen a hankali ka goga mata a ciki ko'ina, ka sake ɗaure ta, ka ɗaura ƙyalle mai kala a karan don ka gane ta ranar girbi. Ranar farko ina kwance zaren wata zuma ta taho kamar jira take, dole na rufe furen da tafin hannuna har ta wuce. Cikin biyar da na yi uku sun kama.

Tumatir ya fi sauƙi don yawanci kansa yake yi wa barbara, sai dai tsofaffin iri masu ganyen dankali irin Brandywine sun fi saurin gauraya, shi ya sa na nisanta shi da ɗayan. Wajen cire irin, na zaɓi waɗanda suka nuna sosai daga gindi mafi lafiya, ba daga gindi ɗaya kawai ba, na matse ruwan da ƙwayoyin cikin kofi na rufe da ƙyalle na ajiye a inuwa. Kwana uku sai farar fumfuna ta rufe saman, ga wari, kar wannan ya dame ka, ruɓewar ce ke cinye yauƙin da ke naɗe da ƙwayar wanda ke hana ta tsirowa. Ka ƙara ruwa ka juya, masu kyau su nutse, fanko su taso ka zubar, ka ɗauraye sau uku ka shanya a faranti a inuwa, ba a kan tishu ba don mannewa suke yi. Bayan sati biyu na zuba a ambulan na sa cikin kwalba mai murfi tare da 'yan ƙunshin silika ɗin nan da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Danshi da zafi su ne maƙiyan iri, shi ya sa ma rumbun iri na duniya da aka buɗe a Svalbard ta ƙasar Norway a 2008 yake ajiye nasa a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Mu dai kwalba da wuri mai sanyi da duhu sun ishe mu.

Wani zai ce tunda akwai irin wannan rumbu me ya kai mu wahala. Ni a ganina irin da ke daskare a cikin dutse yana jira ne kawai, wanda ake shukawa duk shekara kuwa yana sabawa da ƙasar mai shi da yanayinsa. Tumatir ɗina na shekara ta biyu daga irin da na cire da hannuna ya fi na farko jure wurin, ko don na zaɓi gindin da suka fi ƙarfi ne. Kuma manyan ƙungiyoyin ma da haka suka fara, Seed Savers Exchange ta Amurka da Kent Whealy da Diane Ott Whealy suka kafa a 1975 ta taso ne daga iri biyu da kakan Diane ya ba su, wani fure da tumatir German Pink, waɗanda danginsa suka taho da su daga Bavaria ta Jamus, yau suna riƙe da iri sama da 20,000 a Decorah ta jihar Iowa.

To in an ce in ba tawa ƙungiyar maki, zan ba ta bakwai cikin goma. Na cire uku saboda rashin kwanan wata a ambulan, da rashin tambayar masu bayarwa nisan da suka bari tsakanin shukarsu, da jinkirin amsa. Sabon shiga ya fara da wake da tumatir da latas, su ne ba sa saurin gauraya, ya bar kabewa da masara sai hannunsa ya faɗa. Kuma duk abin da aka aiko maka, kafin ka ɓata fili ka ɗebi ƙwaya goma ka naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle ka ajiye wuri mai ɗumi, bayan sati ka ƙirga nawa suka tsiro.

Na sabunta rajistata ta bana. Jiya na rufe ambulan goma sha biyu da zan mayar, kowanne na rubuta sunan irin, da shekarar girbi, da gindi nawa na ɗiba, da abin da ke shuke kusa da shi, da sakamakon gwajin ƙyallen. Na kabewar na ƙara da cewa da hannu aka yi mata barbara, guda ɗaya a ciki na sa sunan Baba a kai.