SPI ko SDIO: Wanne Zai Hana Memori Zubar Maka da Bayanai?

Ɗan'uwa, ka ce ka sa memori, wato katin SD, mai lambar Class 10 a allon Arduino Uno kana naɗar karatun sensa sau 1,000 a sakan, amma kana tarar da giɓi a fayil, shi ne kake tambaya ko ka sayi kati mafi sauri ko ka koma allo mai SDIO. SPI da SDIO hanyoyi biyu ne da allo ke bi ya yi magana da katin. Kada ka yi saurin ɗora wa katin laifi.

Megabayit 10 a sakan ɗin da Class 10 ke alkawari, ta layukan SD huɗu ake auna shi, kuma a rubutu na jere. Uno kuwa ta SPI take magana da kati: waya huɗu, amma bit ɗaya tal ke wucewa a kowane bugun agogo. Agogon ATmega328P, ƙwaƙwalwar Uno, 16 MHz ne, SPI ɗinsa bai wuce 8 MHz ba, wato megabayit 1 a sakan a lissafin takarda, a aikace kuma ko kusa ba ya kaiwa.

SDIO, irin na allunan STM32F4 ko na ESP32 (inda ake kiransa SDMMC), waya shida yake ci: CLK na agogo, CMD na umarni, da D0 zuwa D3 na bayanai. Bit huɗu yake turawa lokaci guda, megabayit 12.5 a sakan a 25 MHz, megabayit 25 a 50 MHz. Sai dai yana da tsirfa: ba ya son doguwar waya, kuma a ESP32 layin D2 ya faɗa kan ƙafar GPIO12, wanda in aka ja shi sama, wato aka ba shi wuta, lokacin kunnawa yakan hana allon tashi.

To amma dubi aikinka. A ce kowane karatu bayit 8 ne, kilobayit 8 ke nan a sakan, abin da SPI zai ɗauka ba gumi. Matsalar ita ce kati yakan tsaya cak yana goge wurare da sake tsara cikinsa, kuma ƙa'idar SD ta yarje wa kati nau'in SDHC ya kai milisakan 250 yana wannan hidima. A nan SPI da SDIO duk kanwar ja ce, dole su jira. Cikin wannan rubu'in sakan sensarka ta tara kilobayit 2, daidai da ɗaukacin RAM ɗin Uno, wanda laburaren SD ya riga ya yanki bayit 512 a ciki. Ina za ka ajiye su?

Ni dai ESP32 zan ba ka shawara, saboda RAM ɗinsa na kilobayit 520, ko da a SPI za ka zauna. Ka ware kilobayit 16 inda sensa za ta riƙa zubawa, ka riƙa kwashewa zuwa kati a ninkin bayit 512 (girman sekta guda) da umarnin CMD25 mai rubuta sekta da yawa a jere, ba sekta ɗaya-ɗaya da CMD24 ba. Ka keɓe wa fayil wurinsa tun farko, ka daina rufe shi bayan kowane layi. Ka bar SDIO sai ranar da za ka naɗi hoton kyamara.