Gyaran Tsakar Gida a Jidda da Makka: Abin da Ya Kamata Ka Fara Saya Kafin Zafi Ya Kankama

Daga ƙarshen Janairu zuwa Maris, duk mashtal, wato wajen sayar da shuke-shuke, da ka leƙa a Jidda za ka tarar da shi maƙil da furanni masu ɗaukar ido, ran mai saye kuma sai ya biya. A nan kuɗin mutane da dama ke salwanta. Wani dattijo ɗan uwanmu da ya daɗe yana aikin lambu ya taɓa ganina na rungumo tukwane shida, ya ce, "Ɗana, waɗannan baƙi ne, da Mayu ya shigo za su yi maka sallama." Haka kuwa aka yi.

Lokacin aikin gajere ne. A Makka zafi yakan haura digiri 40 kusan kullum a tsakiyar shekara, Jidda kuma ta haɗa da gumi da iskar teku mai gishiri. Ga dokar hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma, wadda ke fara aiki 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, don haka mai walda da mai daɓe sun fi samuwa kafin lokacin. Shawarata ita ce a bi wannan jeri wajen kashe kuɗi: inuwa, sannan ruwa, sannan daɓe, shuka ta zo ƙarshe.

Mu fara da rumfa, wadda a nan ake kira mazalla. Kwano, wato shinko, shi ne mafi araha kuma yana tare ruwan sama, amma da azahar zama a ƙarƙashinsa kamar zama ne a bakin murhu, domin zafin yake sauko maka a ka. Wanda ke da hali ya sayi mai falle biyu da soso a tsakani, bambancin a fili yake. Tamfol mai kauri irin na rumfar mota ya fi kyan gani, yana tare rana da ruwa, sai dai ingancinsa hawa-hawa ne, maras nauyin yakan dusashe ya fara tsagewa daga wajen ɗinki. Roba mai shara-shara da haske ke ratsawa ba na ba da shawararta a wajen zama, ta fi dacewa da lungun da ake son haske. Ni wadda ta fi kwanta mini ita ce ragar inuwa ta masu lambu. Ba ta tare ruwan sama, amma sau nawa ake ruwan a shekara? Iska na ratsa ta, zafi ba ya taruwa, kuma ana sayar da ita bisa yawan hasken da take tarewa. Mai tare kashi 50 ko 60 ta isa ga shuke-shuke, wajen shimfiɗa darduma kuwa a nemi mai kashi 80 zuwa sama.

Kowace ka zaɓa, ƙarfen ya fi rufin muhimmanci. A Jidda ƙarfen da ba a yi wa rigar hana tsatsa ba yakan fara zubar da jan ruwa a kan tayil tun bai daɗe ba. Tambayi kaurin ƙarfen, ka sa a rubuta maka a takarda tare da shekarun garanti, ka kuma tabbatar ko farashin ya haɗa da kuɗin kafawa da harajin kashi 15 cikin ɗari. Idan rumfar za ta fita wajen katanga, a fara tuntuɓar baladiya, wato hukumar birni. Mai haya kuma ya nemi yardar mai gida, ya zaɓi wadda ake ɗaurewa da noti, don ranar tashi ya kwance abarsa.

Sai ruwa. Yawancin ruwan da muke sha a Makka da Jidda daga teku ake tace shi, daga tashoshi irin ta Shu'aiba, kuma kuɗinsa hawa yake mataki-mataki: da ka wuce wani adadi a wata, farashin ruwan ya ƙaru. Wanda ke jiran wayit, wato tankar ruwa, ya cika masa tanki ba sai an gaya masa darajarsa ba. Ban ruwa da tiyo shi ne mafi sauƙin farawa, shi ne kuma mafi ɓarna. Siririn bututu mai ɗiga ruwa a gindin shuka, wanda Larabawa ke ce wa tanƙiɗ, ba shi da tsada, kuma idan ka haɗa masa ɗan agogo mai batir zai riƙa buɗewa da asuba ko kana Madina. A saya da abin tace ruwa, don ƙofofinsa kan toshe.

Akwai kuma ruwan da muke zubarwa a banza: wanda ke ɗiga daga bayan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. A gumin Jidda yakan cika bokiti, kuma babu gishiri a cikinsa. Ja masa tiyo zuwa gindin bishiya kai tsaye, ko ka tara a jarka mai murfi. Murfin wajibi ne, domin Jidda da Makka sun san zazzaɓin dengi, sauron da ke kawo shi kuwa a ruwa mai tsabta da ke kwance yake ƙyanƙyasa, har da wanda ke taruwa a farantin ƙarƙashin tukunya.

Batun daɓe shi ne inda na ƙone, don haka zan ɗan tsaya. Ciyawar roba tana da kyau a hoto, ba ta shan ruwa, ana shimfiɗa ta cikin yini guda. Na shimfiɗa ta a filin da babu inuwa. Wata rana a watan Yuni ƙaramar 'yata ta fita da gudu ba takalmi, ta dawo tana kuka tana ɗaga ƙafa. Na taɓa da tafin hannu, ban iya barinsa a kai ba. Roba ce, a tsakar rana takan fi tayil zafi nesa ba kusa ba. Ban ce kada a saya ba, amma a ƙarƙashin rumfa kawai, a kuma duba cewa tana da ƙofofin tsiyayar ruwa a ƙasanta. Ciyawa ta gaske ita ce mai sanyi a ƙafa, sai dai tana son ruwa kullum da aski da taki. In yara sun matsa, ɗan fili kamar faɗin tabarma biyu ya wadatar. Intalok, wato ƙananan bulon daɓe masu shiga juna, ya fi tayil a wajen da mota ke hawa, kuma idan bututu ya fashe sai a ɗaga a gyara a mayar. Tayil ya fi daɗin shara da wanki, a nemi mai kaushi da launi mai haske. Tsakuwa ta fi kowanne araha, ta dace da kewayen bishiyoyi. Duk wanda aka zaɓa, a tsaya a kan mai aikin ya karkata daɓen zuwa rariya. Wanda ya ga ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009 ya san ruwan garin nan ba ya yawan zuwa, amma in ya zo da ƙarfinsa yake zuwa.

Yanzu shuka. Darbejiyarmu ta gida tana jure zafin nan, duk wanda ya tsaya a Arfa ya ga shaida, amma tana girma sosai, ba ta ƙaramin tsakar gida ba ce. Masu mashtal za su nuna maka wata bishiya da ake kira bazromiya saboda saurin girmanta. Saiwarta na bin ruwa har cikin bututu da tankin ƙasa, ka nisanta ta da gini. Magarya na da juriya, ga 'ya'ya ga ganye, sai dai ƙaya. Dabino yana son fili da haƙuri, kuma a saye shi daga wajen da aka yarda da shi saboda jan ƙwaron nan da ke cinye cikinsa.

Ga ƙaramin gida, zogale ne kan gaba. Cikin 'yan watanni ya wuce tsayin mutum, a riƙa sare kansa yana yin rassa, ga kwaɗo a gida. Lalle ma yana yi, jahannamiyya kuma tana lulluɓe katanga da fure ba tare da ta nemi ruwa mai yawa ba. Mai son ƙamshi ya sa furen ful irin na yankin Jazan da ɗoɗɗoya kusa da wajen zama. Kuɓewa, lalo da yakuwa duk 'yan zafi ne, Maris lokacin shukarsu ne.

Masu lambu a saman bene su duba shafen hana yoyo kafin komai, su jera manyan tukwane kusa da bango ko kan ginshiƙi, su ɗora su a kan bulo don ruwa ya wuce ta ƙasa. Baƙar tukunyar roba tana dafa saiwa a rana. Ta yumɓu ko fara ta fi. Wajen saye kuma ka juya tukunyar ka duba gindinta: idan saiwa ta nannaɗe ta fito ta ƙofa, shukar ta daɗe a matse, ɗauki ƙaramar da ke kusa da ita.