Hattara da masu "canji mai daɗi" a WhatsApp: gargaɗi ga masu tura kuɗi gida

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna ƙasashen waje. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta wannan, domin abin da ya same ni ba shi da daɗin faɗa. Amma jiya na ga mutumin da ya cuce ni ya sake ɓullowa da sabon suna da sabuwar lamba a wani zauren WhatsApp, yana tallar abin nan dai da ya kama ni da shi. Sai na ga in na ci gaba da yin shiru, da hannuna a cikin abin da zai sami na gaba.

A Ingila nake aiki, kuma kamar kowannenmu, da albashi ya shigo, kason farko na gida ne. Shekaru ina turawa ta manhajar bankina ko ta kamfanonin tura kuɗi masu lasisi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ladan da ake cira da kuma farashin canjin da suke bayarwa. Ba ni kaɗai ke jin wannan zafin ba. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna cewa tura dala 200 yana cin sama da kashi 6 cikin 100 a matsakaici, kuma turawa zuwa Afirka kudu da Sahara ya fi ko'ina tsada, kusan kashi 8. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin a sauko da shi ƙasa da kashi 3 nan da 2030, amma har yanzu da sauran tafiya. To, a wannan giɓin 'yan damfara suke ɗana tarkonsu.

Wani abokin aikina ne ya sa ni a zauren. Mai zauren, wanda kowa ke kira Alhaji, kullum da safe yana saka farashinsa, kuma kullum ya ɗara na banki da na kamfanoni nesa ba kusa ba. Tsarin mai sauƙi ne: ka tura masa fam a wani asusu na nan Ingila, shi kuma ya sa a biya mutanenka da kuɗin gida. Ba lada, ba cike fom, ba tambaya. Zauren cike yake da hotunan rasit da godiya: "Alhaji an gani, Allah ya ƙara buɗi." Daga baya na fahimci da yawa daga masu godiyar nan mutanensa ne, ko ma shi kansa ne da wasu layukan.

Na fara da ɗan kaɗan don gwaji. Cikin minti goma ƙanena ya kira: "Yaya, alat ya shigo." Na sake, ya shigo. Sau huɗu ana haka lafiya lau. Akwai abin da na lura da shi amma na kawar da kai: duk lokacin da zan biya, sunan asusun da yake ba ni daban ne, kuma babu wanda ya zo da sunan kamfani ko sunansa. Da na tambaya sai ya ce, "Haba Malam, yarana ne, asusuna ya cika iyakarsa ta yau." Na karɓi wannan amsar domin ita nake son ji.

Karo na biyar kuɗin aikin asibitin mahaifiyarmu ne, kusan albashina na wata biyu. Na tura. Ya turo mini hoton rasit mai ɗauke da sunan ƙanena da adadin kuɗin, komai daidai. Ƙanena ya duba asusunsa, ba ko sisi. Alhaji ya ce matsalar sabis ce, a jira zuwa yamma. Da yamma ya ce an riƙe kuɗin, sai na ƙara wani abu kafin a sake su. Washegari na wayi gari an cire ni daga zauren, lambarsa kuma ba ta shiga.

Da a nan abin ya tsaya, da na rungumi ƙaddara. Bayan kamar mako uku sai ƙanena ya je cire kuɗi aka ce an toshe asusunsa. A banki aka shaida masa wata mata ta kai ƙara cewa ta biya kuɗin kaya a intanet, ba a kawo mata komai ba, kuma asusun da ta biya nasa ne. Nan ne idona ya buɗe, kuma wannan ɓangaren nake roƙon ku karanta da kyau, domin yawancinmu ba mu san shi ba.

Kuɗin da suka shiga asusun ƙanena sau huɗun farko ba daga aljihun Alhaji suka fito ba. Yana da wata damfarar da yake yi a can gida: ya tallata kayan da babu su, in mai saye ya zo biya, sai ya ba shi lambar asusun ƙanena. Mai saye ya biya, ƙanena ya ga alat, ni kuma na miƙa wa Alhaji gumina tsabtatacce a nan. Shi ya tashi da kuɗin halak, sawun ɓarawo kuma ya ƙare a ƙofar ɗan uwana, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Shi ya sa yake iya ba da farashin da ba wani ɗan canji na gaskiya da zai iya bayarwa: ba kuɗinsa yake rabawa ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Asusun da nake biya a nan ma ba nasa ba ne. Na mutanen da ya ara ne, galibi ɗalibai da sababbin zuwa, waɗanda ake ce wa "bari kuɗi su bi ta asusunka, ka cire ladanka." Duk wanda aka yi wa wannan tayin, ya gudu. A dokar Ingila ta 2002 kan dukiyar da aka samu ta hanyar laifi, halasta kuɗin haram yana iya kai mutum ɗaurin shekara 14. Ko ba a kai ga kotu ba, banki zai rufe asusunka, a sa wa sunanka alama a rumbun bayanan Cifas, ƙungiyar yaƙi da zamba da bankuna ke duba bayananta, har tsawon shekara 6, ka rasa inda za ka buɗe wani. Ga wanda yake zaune da biza, wannan ba ƙaramar masifa ba ce.

Ban ce duk mai haɗa canji tsakanin mutane ɓarawo ne ba. Hawala, wato ka ba mutum kuɗi a nan wakilinsa ya biya a can, daɗaɗɗiyar hanya ce, kuma akwai masu amana a cikinta. Amma wanda ka sani ido da ido, ka san gidansa da asalinsa, daban yake da lambar waya mai hoton masallaci wadda ba ka taɓa ganin mai ita ba.

Abin da ya kamata in yi tun farko bai fi minti biyar ba. Duk kamfanin da ke tura kuɗi daga Ingila dole ya kasance cikin rajistar FCA, hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi, kuma rajistar a buɗe take ga kowa. A Amurka irin waɗannan kamfanoni suna rajista da hukumar FinCEN, a Kanada da hukumar FINTRAC, a Saudiyya kuma babban bankin ƙasar ne ke ba su lasisi. Ka nemi sunan, sannan ka gwada adireshin shafin da lambar wayar da ke rajistar da waɗanda aka ba ka, domin suna satar sunan kamfanin gaske su buɗe shafi mai kama da nasa. Kada ka sauke manhajar tura kuɗi ta mahaɗin da aka turo maka a saƙo. Kuma hoton rasit ba hujja ba ne, saƙon alat ma ana ƙirƙirarsa. Sai mai karɓa ya buɗe manhajar bankinsa ya ga kuɗin sun zauna, ya kuma duba sunan wanda ya turo. In sunan baƙo ne, kada ya taɓa kuɗin, ya sanar da bankinsa.

Akwai wani abu kuma. Kwana biyu bayan an cuce ni, wani ya kira ni ya ce daga sashen yaƙi da zamba na bankina yake, zai dawo mini da kuɗina in na karanta masa lambar sirrin da za ta shigo wayata. Allah ya taimake ni na kashe wayar. Babu bankin da zai nemi wannan lambar daga bakinka. A Ingila, ka katse kiran ka buga 159, za a haɗa ka da bankinka na gaskiya.

Wanda abin ya riga ya same shi, kada kunya ta sa ya ɓoye. Ka kira bankinka nan take, domin kuɗin ba sa daɗewa a asusun farko kafin a rarraba su. Ka adana hirarku, lambobin asusun da rasit ɗinka, ka kai rahoto wurin 'yan sanda. Tun 7 ga Oktoba 2024 dokar Ingila ta wajabta wa bankuna biyan wanda aka yaudara ya tura kuɗi, har zuwa fam 85,000, in ya kai ƙorafi cikin wata 13. Amma wannan ya shafi turawa tsakanin asusu biyu na cikin Ingila ne kawai. Bai shafi kuɗin da aka tura ƙasar waje ko aka miƙa hannu da hannu ba, kuma suna duba ko mutum ya yi sakaci mai yawa.

Na shigar da nawa ƙorafin, ina jiran hukuncinsu. Aikin mahaifiyarmu an yi shi da rancen da 'yan uwa suka haɗa mini, alhamdu lillahi tana samun sauƙi. Ƙanena kuwa har yau yana zarya tsakanin banki da ofishin 'yan sanda da takardun da na tura masa, asusunsa a toshe. Sabon zauren da na gani jiya ya riga ya tara mutane da yawa, kuma na gane lambobin mutum uku daga cikinsu. Na kira biyu sun fita. Na ukun ya ce mini shi an biya shi sau biyu ba matsala, zai ƙara gwadawa ƙarshen wata.