Jakunkunan kariyar keke ko jakar ƙarƙashin sirdi?

Jakunkunan da ake ratayawa a gefen kariyar keke, kamar mangalar jaki, suna cin kaya sosai: Ortlieb Back-Roller na Jamus, guda biyu, lita 40 suke ɗauka, kuma ruwan sama ba ya ratsa su. Sai dai da wuri ya samu, mutum kan cusa har abin da ba zai taɓa amfani da shi ba. Ga iska na tokare su, ga nauyin kariyar kanta.

Jakar ƙarƙashin sirdi kuwa da ƙyar take wuce lita 17. Ba ruwanta da kariya, amma tana lilo in ba a ɗaure ta tamau ba. A hanyar burji ita na fi so. Mai tafiyar watanni da tanti da tukunya dai, sai na kariya.