Hattara da masu tallar "ƙarfen halittun wata duniya"

Jama'a, a kula da 'yan damfarar da ke cin kasuwa da sunan duwatsun da ke faɗowa daga sama. Za a turo maka bidiyo ta WhatsApp ko Facebook: ga baƙin dutse a tafin hannu, an kara masa maganaɗisu ya kama, wai guntun na'urar wasu halittu ne daga wata duniya, Turawa na nemansa ido rufe. Ba a jima ba sai wani ya kira ka, ya ce shi wakilin wani kamfani ne a waje, zai saya ninki goma idan ka samo masa. Bakinsu ɗaya da mai dutsen. Kana biya, mai sayen zai ɓullo da kuɗin gwaji, sai kuɗin takardar shaida, sai na kwastan, har ranar da layukan biyu za su daina shiga.

Abin da ya sa ƙaryar ke kama mutane shi ne an jingina ta da gaskiya. A watan Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's a New York ya sayar da wani dutse daga duniyar Mars mai nauyin kusan kilo 25 a kan dala miliyan 5.3, kuma a yankin Agadez aka tsince shi a Nuwamban 2023. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar. Tun kafin nan, a Oktoban 1962, wani mai kilo 18 ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, daf da wani manomi a gonarsa, shi ma daga Mars. To amma duk cikinsu babu wanda aka ce ƙirar wata halitta ce. Duwatsu ne, kuma ɗakin gwaji ne ya ba su daraja.

Za su kuma ambaci Farfesa Avi Loeb, masanin taurari na Jami'ar Harvard, don haka gara ka san labarin. A Janairun 2014 wani abu ya ƙone a sama kusa da tsibirin Manus na Papua New Guinea. A Yunin 2023 Loeb ya ɗauki jirgin ruwa, a tafiyar da ta ci kusan dala miliyan ɗaya da rabi, suka ja maganaɗisu a ƙasan teku suka kwaso ɗaruruwan ƙwayoyin ƙarfe, yawancinsu ba su kai milimita ɗaya ba. Ya ce sinadaran wasunsu ba irin na kewayen ranarmu ba ne, har ya bar ƙofa a buɗe cewa wataƙila fasahar wasu halittu ce. Masana ba su bar shi ya sha ruwa ba. Patricio Gallardo na Jami'ar Chicago ya nuna sinadaran sun yi daidai da na tokar kwal da masana'antu da jiragen ruwa ke zubarwa. A Maris 2024 kuma Benjamin Fernando na Jami'ar Johns Hopkins ya ce girgizar da aka dogara da ita wajen gano inda abin ya faɗa ta fi kama da ta babbar mota da ta wuce a hanyar da ke kusa da na'urar awon girgizar ƙasa. Mota fa! Loeb bai yarda ba, amma farfesa da jirgi da ɗakin gwaji bai iya gamsar da abokan aikinsa ba, balle mai waya ɗaya da ke ɓoye fuskarsa a bidiyo.

Maganaɗisu ba hujja ba ne, don tama ma tana kama shi. Yawancin abin da ake tallatawa kashin maƙera ne ko tarkacen masana'anta. Idan ka ga jikinsa duk ƙananan ramuka kamar soso, alamar narkakken ƙarfen duniyar nan ce. Zanen layukan da ke gittar juna, wanda suke cewa wayoyin na'ura ne, yana fitowa a ainihin ƙarfen sama idan an yanka an shafa masa asid, sakamakon ƙarfe da nikel da suka yi miliyoyin shekaru suna hucewa a hankali. Hotonsa cike yake a intanet, kowa na iya sata.

Dutsen gaske da aka tantance yana da suna da lamba a rajistar Meteoritical Society, ƙungiyar masanan duwatsun sama, wadda kowa zai iya dubawa kyauta, kuma ba a sa shi a ciki sai an miƙa samfuri an gwada. Ko an ba ka lamba, ka tuna ɓarawo na iya aron ta wani dutsen. Kada ka tura ko sisi. Idan kai ne ka tsinci dutse, kai shi sashen nazarin ƙasa da ma'adinai na jami'a mafi kusa da kai. Wanda kuma aka riga aka cuta, ya adana saƙonni da rasit ɗin banki ya kai ƙara wurin 'yan sanda, ko EFCC idan a Najeriya yake.