Tseren Formula E da na Formula 1: wanne ya fi kusa da mu?

A gidajen kallo na Maradi, masu son tseren mota sun fi sanin Formula 1, wadda aka fara a 1950, saboda rurin injinta da nisan tserenta da kan haura kilomita 300. Formula E kuwa ƙanwa ce, domin sai a 2014 aka fara ta a birnin Beijin, kuma motocinta da batir kaɗai suke gudu, galibi a kan titunan cikin gari masu ƙunci da kwanoni.

Ni dai ta biyun ta fi jan hankalina. Direbanta ba gudu kaɗai yake lissafi ba, dole ne ya yi tattalin caji, yana maido da wuta cikin batir duk lokacin da ya taka birki. Kafin ƙarshen 2018 ma sai an sauya mota a tsakiyar tsere, domin cajin ba ya kaiwa ƙarshe. Duk ɗan kabu-kabun da ya taɓa auna litar mansa da tsawon yini zai gane wannan dabara.

A shekarun baya-bayan nan, Afirka ma ta fi ganinta: Marakesh ta karɓe ta a 2016, Kef Tawun a 2023, alhali Formula 1 rabonta da nahiyar tun 1993.