Hattara da "fentin soja" da ake tallatawa a Damagaram, ba ya kama sanholo

Jama'a masu gyaran rediyo da masu ajiye tsofaffin na'urorin sadarwar soja irin su PRC-77 ta Amurka da TRPP-13 ta Faransa, a yi hattara. Akwai wasu da ke yawo da gwangwanayen fenti ruwan ɗorawa mai sirkin kore, suna kuma tura hotunansu a WhatsApp, wai fentin shimfiɗa ne, wato wanda ake fara shafawa a ƙarfe kafin fentin sama, na asali da sojojin Amurka suka bari a Agadas da suka tashi a 2024, wani kuma ya ce na Faransawa ne da suka fita a ƙarshen 2023. Sai su ce kaya ya kusa ƙarewa, ka tura kafin alƙalami su ajiye maka. Abin da ke cikin gwangwanin fentin mai ne na ƙofa da taga, an rina shi, an tsinka da fetur.

Launin suke sayarwa. Sun san duk wanda ya taɓa kankare akwatin tsohuwar rediyon soja ya ga wannan ruwan ɗorawar a ƙarƙashin koren. Wancan zinc chromate ne, kuma aikinsa yana cikin sinadarin da ke hana sanholon akwatin ciwuwa. Sanholo, wato alminiyum, da zarar iska ta taɓa shi yake yin wata fata siririya da ido ba ya gani, fentin mai kuwa ba ya riƙe ta. Ranar farko zai yi kyau har ka ji daɗi. Bayan 'yan makonni a zafin bazara sai ya fara ɗagowa daga gefen murfi da bakin kusoshi, ka sa farce ya saluɓe. In danshin damina ya shiga ƙarƙashi, sai ƙuraje su fito, ka fasa ka tarar da farin gari: ƙarfen ne ke ciwuwa. Jan fentin hana tsatsa ma kada a yarda da shi, na baƙin ƙarfe ne, mai dalma a ciki kuwa ƙara ɓata sanholo yake yi.

Tun a hannun mai sayarwa za ka gane. Fentin shimfiɗa na soja, ko wanda ake rubuta wa wash primer ko na epoxy, gwangwani biyu ne da ake haɗawa lokacin aiki. Na wash primer, kashi 4 na fenti ake zuba wa kashi 1 na ruwan asid, kuma in an haɗa ba ya wuce awa 8. Dole a ga sunan kamfani, lambar rukuni da ranar ƙarewa. Ko da labarin Agadas gaskiya ne, fentin da ya daɗe a rumfar kwano yana shan zafin da ya haura digiri 40 ba abin dogaro ba ne.

Kada ka biya sai ka gwada. Samo guntun sanholo, ko murfin tsohuwar tukunya, ka goge da samfefa lamba 320, ka share da asiton, ka shafa siriri. Na gaskiya mai asid yakan bushe cikin minti 15 zuwa 30, ba ya ƙyalli, har kana hango ƙarfen ta cikinsa. Na jabu zai wuni yana danƙo yana warin fetur. Washegari ka sa reza ka ja layi 6 a tsaye, 6 a kwance, tazarar milimita 1, ka manna salatif ka danna sosai, ka fizge. In ƙananan murabba'an suka biyo salatif, mayar masa da kayansa. Wanda ya hana ka gwaji ya san abin da ya zuba.

Na ƙwarai kuwa ka tambayi masu fentin mota inda suke saye, a nan gari ko ta hannun masu zuwa Kano. A gwangwanin Faransanci nemi "primaire", wato fentin shimfiɗa, da aka rubuta ƙarara cewa na alminiyum ne. Shafi ɗaya siriri ya isa, mai kauri tsagewa yake. A bi da kore bayan ya bushe, da sassafe, a ɗaki rufe saboda ƙurar hunturu. A rufe mazaunin eriya, wuraren da ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe don layin ƙasa (earth), robar murfi da farantin lamba, in ba haka ba rediyo ta yi kyau ta daina aiki daidai.

Wanda ya riga ya shafa na jabu, ya cire shi duka da maganin cire fenti wanda ya dace da sanholo. Ban da sodar sabulu, narkar da ƙarfen take yi. Ban da soson ƙarfe ko burushin waya, ɓurɓushinsu na maƙalewa ya jawo sabon ci. Tsohon fentin asali kuma a goge shi da samfefa da ruwa, da abin rufe hanci na kirki, domin ƙurar chromate tana jawo sankarar huhu. Rubutu da allurai masu haske da dare a na'urorin zamanin yaƙin duniya na biyu da ɗan bayansa, wasu da radiyom, sinadari mai haɗari ga lafiya, aka yi su, kada samfefa ta kusance su ko kaɗan.